Amsa: Su wane ne suka fara zama a Lakwaja?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi su wane ne suka fara zama a Lakwaja, da yadda aka yi iyalan garin suka zama dangin juna.

Tun kafin zuwan Turawa, akwai 'yan ƙabilar Oworo a kan tsaunin Patti da kewayensa, sannan Nufawa da Kakanda suna zirga-zirga da kwalekwale a mahaɗar Kwara da Binuwai. Garin da muka sani a yau ya kafu ne wajajen 1860, lokacin da wani Baturen Birtaniya mai suna Likita Baikie ya kafa sansanin ciniki a wurin bayan jirginsa ya farfashe kusa da Jebba a 1857, yana ƙarƙashin inuwar Etsu Masaba na Bida. Baikie ya riƙa fansar bayi yana zaunar da su, fataken Hausawa kuma suka biyo kasuwa, haka nan Kiristocin Saliyo da suka zo tare da Crowther, limamin mishan.

A ganina auratayya ce ta ɗinke su, domin baƙon da ya sauka babu dangi ba shi da madafa sai gidan surukansa. Wani baƙon ma mai suna Abbega, ɗan ƙabilar Margi ne da ya yi wa Bature matafiyi Barth hidima har Turai, daga baya ya zama sarkin garin.

Bayan 1900 Turawa sun riƙa kai sarakunan da suka tuɓe zuwa garin, kamar Alu Babba na Kano da Aliyu Ɗan Sidi na Zazzau, waɗanda suka rasu a Lakwaja, kuma kaburburansu suna nan har yau.