Sanarwar ƙungiyarmu tana faɗawa spam, me za mu saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Mambobi sun kusa 800, da yawansu suna ƙasashen waje. Duk wata ina tura sanarwar taro da ta kuɗin wata daga Gmail ɗina, ina zuba adireshin kowa a BCC (gurbin da ke ɓoye adireshin masu karɓa), kashi biyu. Yanzu ana ta ƙorafin ba a gani sai an leƙa spam, wato akwatin saƙonnin banza. Wani ya ce mu biya Google Workspace, wato Gmail na kuɗi na ƙungiyoyi da kamfanoni. Shin zai magance? Sakatare, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Dakata tukuna kafin a taɓa asusun ƙungiya. Workspace zai ɗaga maka adadi, daga mutum 500 a rana zuwa saƙo 2,000, amma ba adadi kaɗai ke damunka ba. Saƙo guda da ya fito daga adireshin mutum ɗaya zuwa ɗaruruwan mutane a ɓoye, ga kuma maganar kuɗi da lambar asusun banki a ciki, kamanninsa ɗaya da na 'yan damfara. Na'urar tacewa ba ta san kai sakatare ba ne.

In za ku kashe kuɗi, ku sayi sunan yanki na ƙungiya, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel, mai ƙarewa da irin .org ko .ng, sannan ku riƙa turawa ta kamfanin da aikinsa shi ne tura saƙo ga mutane da yawa. Brevo, alal misali, yana ba da saƙo 300 a rana kyauta, ka ga cikin kwana uku kun gama. Wanda zai saita muku sunan ya tabbatar ya sa SPF da DKIM da DMARC, su ne hatimin da ke nuna saƙon daga gare ku yake. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta a kan wannan. Cikakkun sharuɗɗan na masu tura 5,000 a rana ne, amma ƙanana ma ana duba hatiminsu.

Abin da ya fi kashe ƙungiyoyi irin taku shi ne tsohon jerin sunaye. Adireshin da aka rubuta a rajista shekara goma da suka wuce, wasu sun mutu, wasu masu su sun gaji da ku, kuma maimakon su faɗa sai su danna spam. Google na so masu danna hakan su gaza kashi 0.3 cikin ɗari, wato a mutum 800, uku kacal sun isa su ɓata muku suna. Don haka ka share adireshin da saƙo ke dawowa daga gare shi, ka sa maɓallin fita a ƙasan kowane saƙo. Wanda ya fita ba gaba ya yi da ku ba.

Sai ka yi amfani da zauren WhatsApp na ƙungiya: roƙi kowa ya ciro saƙonku daga spam, ya ajiye sabon adireshin, ya amsa ko da "na gani" ne. Lambar asusun kuma a bar ta can a zauren, kada ta shiga imel.