Amsa ga Hajiya kan manyan hotunan da na bangon falo

Assalamu alaikum, 'yan uwa barkanmu da yamma. Hajiya, na ji tambayarki: kina so a faɗaɗa hoton marigayi kakanku da na Sarkin Zazzau Ja'afaru a sa a firam don falo, amma wanda aka yi miki a baya ya fito dishi-dishi, damina ɗaya kuma ya manne da gilashi. To abu biyu ne daban, kuma babu wanda laifin katakon firam ne.

Dishi-dishin nan daga wajen ɗauko hoton yake farawa. Yawanci sai a ɗauki tsohon hoto da waya, a turo ta WhatsApp, a kai wa mai firinta. WhatsApp yana matse hoto ya rage shi, to me za a faɗaɗa? Ki kai asalin hoton a ɗora shi a kan sikana. Hotunan da ƙanana ne, galibi inci uku da rabi a biyar da rabi. Ki ce a yi sikanin a kan 1200 dpi, wato ɗigo 1200 a kowane inci, in injin bai kai ba 600. Lissafin shi ne: bugu mai kyau yana son 300 a kowane inci, saboda haka 1200 zai ba ki ninki huɗu, wato wajen inci 14 a 22. Da 600 ninki biyu ne ƙal, ninki huɗu kuma sai in daga nesa za a riƙa kallo. Kar ki wuce ninki huɗu, fuskar za ta watse. In za a turo miki, a turo a matsayin Document, ko a zuba a filash.

Sannan don Allah, asalin hoton nan kar wanda ya yi masa laminatin, kar a shafa masa gam. Zafin laminatin yana lalata shi, kuma ba ya ɓaruwa. A yi sikanin, a mayar da shi ambulan a ɓoye. Kwafin ne na bango.

Wani abin da yake damuna sosai, manhajojin gyaran hoto na waya. Suna ƙirƙiro fuska ne inda ba su gani da kyau ba. Sai su share tsagar gado, su gyara hanci, su canza naɗin rawani, ka ga mutum fes amma ba kakanka ba ne. A goge tabo da karce a filin da ke bayan mutumin da jikin riga kawai, fuska a bar ta. Launi ma zato ne injin yake yi, bai san kalar rigar ba. Baƙi da fari, ko ruwan ƙasa-ƙasan nan na da, ya fi gaskiya ya fi kwarjini.

Na sarakuna kuwa, Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu ya gaje shi har 1975, sannan Shehu Idris har 2020. A tabbatar da wanda ke hoton kafin a buga suna a ƙasa, don na intanet ana yawan cakuɗa su, kuma ƙanana ne. Gidan Arewa House a Kaduna wuri ne na neman tsofaffin hotunan Arewa, a je a tambaya. Na Sarauniya Amina da ake sayarwa zane ne na masu zane, a zamaninta babu kyamara.

Wajen bugu ki tambayi irin tawadar. Akwai pigment, akwai dye. Dye ta fi araha amma rana tana cinye ta da wuri, ki nemi pigment. Takarda kuma marar sheƙi, wadda suke ce wa mat. Mai sheƙi a bayan gilashi ƙyalli biyu ke nan, da an kunna fitila ba a ganin fuska.

Yanzu mannewa. Dalilinta takarda tana taɓa gilashi. A watan Agusta danshi yana taruwa a cikin gilashi, fuskar hoton ta yi laushi ta kama, in an ɓamɓare ta taho da tawada. Maganinsa kwalin gefe, wanda ake yanke masa taga a tsakiya, kaurinsa kamar milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, faɗin gefensa santimita biyar zuwa bakwai. Ba ado kaɗai ba ne, shi ke raba hoto da gilashi. A liƙa hoton ta sama kawai, wuri biyu, a bar gefe da ƙasa, don takarda tana buɗewa da damina ta tsuke da hunturu. In an ɗaure ta ko'ina sai ta yi kumburi. Gilashi milimita biyu ya isa, in firam ya wuce inci 20 a 24 a sa uku. A baya kar a yarda da kwalin katan, yana sa takarda ta yi rawaya. A sa farin kwali mai tsabta tukuna, sannan allon baya, a bi gefen duka da tef ɗin takarda saboda ƙurar hunturu da ƙananan ƙwari.

Ratayewa: tsakiyar hoton ya kasance wajen santimita 150 daga ƙasa, mutanenmu suna kai shi kusa da silin har sai an ɗaga wuya. Ƙusa biyu ta kankare, ba ɗaya ba. A manna 'yan robobi biyu a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta riƙa ratsawa, musamman gidajen ƙasa na cikin birni inda bango ke jan ruwa, gara kuma tana bin katako. Bangon da ke jingine da banɗaki a guje shi, haka wanda ranar yamma ke duka ta taga. Bangon gabas inda ake fuskanta a yi salla ma a bar shi fili.

Gogewa kuma, a jiƙa tsumma kaɗan a goge, kar a fesa ruwa a gilashin, yana gangarawa ya shige ta ƙasan firam. Hajiya, ki auna tsawo da faɗin asalin hoton ki turo nan, sai a faɗa miki girman da zai ɗauka.