Tambaya da Amsa: Me ya sa tsoron yaƙin Bosniya bai bar maƙwabciyata ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jamus, maƙwabciyata kuma wata dattijuwa ce 'yar Bosniya. Duk daren sabuwar shekara, da an fara wasan wuta, sai ta kulle kanta a banɗaki jikinta na ɓari. An gama yaƙin nan tun 1995, me ya sa har yanzu take haka, kuma me zan iya yi mata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika kula da ita. Abin da kika gani firgici ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, inda ƙarar abu ko wani wari kan mayar da mutum cikin ranar da ya ga mutuwa da idonsa. Mutanen Sarayebo, babban birnin Bosniya, sun shafe kusan shekara huɗu ana yi musu ruwan bama-bamai, na Vukovar da ke Kuroshiya kuma sun kwana 87 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a 1991. Jikin da ya saba da irin wannan ƙara ba ya mantawa don an sa hannu a yarjejeniyar Dayton da ta kawo ƙarshen yaƙin Bosniya. Binciken da likitocin jami'ar Harvard suka yi a 1996 a sansanin Varaždin na Kuroshiya ya nuna kusan kashi 39 cikin ɗari na 'yan gudun hijirar Bosniya suna da alamun ciwon damuwa, kashi 26 kuma suna da na wannan firgici.

A ganina, abin da ya fi hana ciwon warkewa shi ne zaman rashin tabbas. A garin Srebrenica na Bosniya an kashe maza da yara maza fiye da 8,000 a watan Yulin 1995, daga baya makasan suka tone kaburburan da manyan motoci suka rarraba gawawwakin, har takan kai a tsinci ƙasusuwan mutum guda a ramuka daban-daban. Akwai uwayen da suka jira shekara da shekaru kafin gwajin ƙwayoyin halitta ya ba su 'yan ƙasusuwan da za su yi wa sutura a maƙabartar Potočari da ke kusa da garin, ranar 11 ga Yuli da ake tunawa da kisan. Wadda ba ta binne ɗanta ba, ta yaya za ta gama makoki? Jamus kuwa ta karɓi kusan 'yan gudun hijirar Bosniya 350,000, amma yawancinsu takardar zaman wucin gadi aka ba su, suna kwana suna tashi da fargabar ranar da za a ce su koma.

Kada ki matsa mata ta ba ki labari, kada kuma ki ce mata ta manta. Ki shiga wurinta tun kafin sha biyun dare, ki rufe tagogi, ki zauna kusa da ita. In ta saki jiki da ke, ki nuna mata cewa likitan ƙwaƙwalwa yana iya taimaka mata, musamman wanda ke jin yarenta, ki kuma raka ta ranar farko.