Ba ƙarar kyamarar ce abin damuwa ba, wannan 'yar tazarar ta baya ka duba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kwana huɗu ke nan da ka sayi sabuwar waya, in ka girgiza ta sai ka ji wani abu na ƙas-ƙas daga wajen kyamara, madannin kunnawa yana ɗan motsi a ƙarƙashin yatsa, sannan a kusurwa ɗaya ta baya akwai 'yar tazara tsakanin murfin da ƙarfen gefe. Kana tambaya ko ka mayar da ita ko ka haƙura. Abubuwa uku ka ambata, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na lura ƙarar ce ta fi tayar maka da hankali, ni kuwa tazarar nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, ita ta sa na zauna rubuta maka wannan.

Ƙarar tukuna. Ɗauki wayar yanzu, ka buɗe kyamara kamar za ka ɗauki hoto, ka bar ta a buɗe, sannan ka girgiza ta kusa da kunnenka. In ƙarar ta ɗauke ko ta ragu sosai, to lafiyar wayarka ƙalau ta wannan fannin. Wayoyi da yawa gilashin idon kyamararsu ba a kafe yake ba, a rataye yake a kan wasu siraran ƙarafa, maganaɗisu na kewaye da shi. Idan hannunka ya yi rawa lokacin ɗaukar hoto, na'urar da ke jin motsi a cikin wayar sai ta sa a tura gilashin ɗaya ɓangaren don ya rama rawar, hoton ya fito tas. Shi ne abin da ake rubutawa OIS a takardar bayanan waya. To in kyamara a rufe take, babu wutar da ke riƙe gilashin a tsakiya, sai ya zauna sake, kana girgizawa yana bugun gefen gidansa. In wayarka mai kyamarar jawo nesa ce, wani lokaci sai ka koma kanta kafin ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya, don ita ma da nata gilashin da ke lilo, kuma sau da yawa nata ya fi nauyi.

Ban san wannan ba lokacin da na fara cin karo da shi, shekarun baya. Na tabbatar wa kaina wani ƙaramin noti ne ya kwance a ciki, na kai wa mai gyara. Shi ma bai musa min ba. Ina tsaye ya ɗora ta a kan injin ɗumama gam, ya sa wata siririyar roba ya bi gefen murfin a hankali har ya ɗaga, ya haska tocila, ya bi notinan ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ya kwance. Ya shafa sabon gam ya mayar, ya ɗaure ta da roba na ɗan lokaci. Na karɓa na girgiza, ƙarar na nan yadda take. Bayan 'yan watanni ruwan sama ya ɗan taɓa ni a hanya, ba ma wani ruwa mai yawa ba, washegari na ga hazo a cikin gilashin kyamara, ta ciki, inda tsumma ba ya kaiwa. Garin neman gira na rasa ido. Wayar da ta zo da lafiyarta, na sa an karya mata hatimin da ke tare ruwa saboda abin da ba cuta ba ne. Har yau abin na min ciwo, shi ya sa nake roƙonka: kada ka bari kowa ya buɗe sabuwar waya saboda wannan ƙara.

Abin da ke lalata wannan gilashi mai lilo daban ne. A 2021 Apple ya fitar da gargaɗi cewa jijjigar manyan babura na iya lalata kyamarar iPhone in ana ɗaure wayar a jikin kan babur, kuma dalilin ya shafi duk wayar da ke da irin wannan tsari. Alamar lalacewarsa ita ce ka buɗe kyamara ka ga hoton na kakkarwa da kansa, ko ka ji wani zuuu daga ciki, ko ta kasa tsayar da ido a kan abu. In ka ga haka a sabuwar waya, wannan kam ta mayarwa ce.

Madannin ba zan daɗe a kansa ba. Dole a bar masa ɗan fili a cikin raminsa, in ba haka ba ya maƙale. Wayoyi biyu iri ɗaya, daga kwali ɗaya, za ka samu na wannan ya fi na waccan motsi. Danna shi sau ashirin a jere. In kowane dannawa kana jin ƙat a yatsanka kuma wayar na amsawa, bar shi. In kuwa wani lokaci ya nutse bai dawo ba, ko sai ka danna ta wani gefe kafin ya kama, wannan zai ƙaru ne, ba zai gyaru da kansa ba.

Yanzu tazarar. Akwai tazarar da kamfani ya bari da gangan. A 2014, lokacin da Galaxy Note 4 ta fito, mutane sun yi ta nuna yadda takarda ke shiga tsakanin gilashin fuska da ƙarfen gefe, Samsung ya ce dama a littafin wayar ya rubuta cewa wannan fili wani ɓangare ne na ƙirar. Irin wannan za ka gan ta siririya kamar zare, kuma a daidaice. Amma kai ka ce a kusurwa ɗaya take. Murfin da ya ɗaga a wuri ɗaya, abu biyu ne: ko gam ɗin bai kama ba tun daga masana'anta, ko wani abu na turo shi daga ciki.

Cire rigar wayar, ka kifa ta a kan tsumma mai laushi, ka ɗora rula a bayanta ƙasa da kyamara, a tsaye da kuma a kwance. Ka duba ta gefe, wajen haske. In bayan a shimfiɗe yake, rular za ta kwanta lif. In akwai tudu a tsakiya, za ka ga rular na lilo ko haske na ratsawa ta gefe biyu. Sai ka taɓa kusurwar da ta ɗaga da ɗan yatsa, a hankali ƙwarai. In ta nutse ta sake tasowa, ko ka ji ɗan ɗanƙon gam yana kamawa yana saki, to murfin ya rabu da jikinsa.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan, wata wayar tawa ce ta koya min, kuma wannan karon kuskuren nawa akasin na farko ne. Ta yi kusan shekara uku a hannuna. Na fara lura rigarta ba ta zama daidai a gefe ɗaya, na ɗauka robar ce ta saki. Bayan sati biyu wani ɗan farin tabo ya bayyana a tsakiyar fuskarta, kamar ana danna ta da yatsa daga baya. Ranar da na ajiye ta a kan tebur na ga tana juyawa kamar an ɗora ta a kan ƙwallo, sannan na cire rigar. Gefen ya buɗe har ina hango cikinta. Da mai gyara ya ciro batirin, ya kumbura kamar ƙaramin matashin kai, ledar jikinsa ta yi tam. Kuma duk waɗannan makonni ina barin ta a caji kusa da kaina har gari ya waye. Batirin lithiyam in ya tsufa, ko zafi ya yi masa yawa, ko an yi kuskure wajen haɗa shi, ruwan sinadarin da ke cikinsa kan lalace ya fitar da iska, ledar kuma a rufe take ruf, sai ta kumbura. Wanda duk ya ga haka ya daina caji nan take, kada ya matse murfin don ya koma, kada kuma ya huda batirin wai iskar ta fita. Hudawar nan ita ke kawo wuta. Mun ga abin da ya faru da Galaxy Note 7 a 2016, inda matsalar batir ta sa aka janye ta daga kasuwa gaba ɗaya, har aka hana shiga jirgin sama da ita.

Ba ina ce maka batirinka ya kumbura ba. A wayar kwana huɗu abin da ya fi yiwuwa shi ne gam, sai dai in ta daɗe a ajiye a wuri mai zafi kafin ta zo hannunka, ko kuwa an taɓa buɗe ta aka sake rufewa aka sayar a matsayin sabuwa, wanda shi ma yana faruwa. Amma ko gam ɗin ne kawai, ba ƙaramin abu ba ne. Wannan gam shi ne katangar da ke tsakanin cikin wayar da ruwa da ƙura. In an rubuta IP67 a kwalinta, ana nufin an gwada ta a zurfin mita 1 na tsawon minti 30. IP68 ya fi haka zurfi, kowane kamfani da adadin da yake faɗa, Samsung kan ce mita 1.5, Apple kuma mita 6 tun daga iPhone 12. Duk a ruwa mai tsabta ake gwajin, da waya sabuwa wadda hatiminta bai taɓu ba. Wadda kusurwarta ta ɗaga ta fita daga wannan lissafi. Abin da mutane da yawa ba sa sani kuma, garantin mafi yawan kamfanoni bai haɗa da lalacewar ruwa ba, ko da wayar mai IP68 ce. Akwai wata 'yar farar alama a ciki, sau da yawa a ramin da ake sa layi, da ruwa ya taɓa ta sai ta koma ja. In ta yi ja, maganar garanti ta ƙare, ba wanda zai tsaya sauraron cewa dama murfin a ɗage ya zo. Saboda haka in gwajin rula da na yatsa sun nuna ya ɗaga, mayar da ita tun kwanakin canji ba su wuce ba. Kada ka ɗiga mata gam da kanka.

Wataƙila in ka je a ce maka ai haka suke duka. Wani lokaci gaskiya ne, kamar ƙarar kyamara. Wani lokaci kuma ba haka ba ne. A 2014 da aka fara kukan iPhone 6 Plus na lanƙwashewa a aljihu, Apple ya ce mutum tara ne kacal suka kawo ƙorafi a kwanakin farko, amma da shekara ta zagayo, iPhone 6s ta fito da alminiyam mai ƙarfi fiye da na baya. Ni abin da nake yi, ba na jayayya. Sai in ce a ɗauko wata irinta, a ajiye su gefe da gefe. In duka biyun haka suke, na yarda ƙira ce. In tawa ce kaɗai, magana ta fito fili ba sai an ɗaga murya ba.

Tunda kana cikin kwanakin da za a iya canja maka, yi amfani da su ka binciki sauran jikinta, musamman fuskar, don ita ce mafi tsada a gyara. Da dare, ka kashe fitila, ka buɗe hoto fari fat, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi, kana neman ɗigon da ya ƙi canja launi. A yawancin wayoyin Samsung in ka danna *#0*# a wajen kira, shafin gwaji zai buɗe da waɗannan launuka, har da na gwada taɓawa da jijjiga da sifika. Fuska irin ta OLED, wato wadda kowane ɗigonta ke ba da haskensa da kansa, in ka rage haske can ƙasa ka buɗe hoto mai ruwan toka, kana iya ganin ɗan rashin daidaito ko ɗan kore-kore. In sai a duhu kuma sai ka ƙura ido kake ganinsa, ni ba na mayar da waya a kan wannan, don ta gaba ma tana iya zuwa da nata. Amma layi siriri kore ko ruwan hoda da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, ko tabon da ake gani da rana tsaka, ko wani yanki da ba ya jin yatsa, waɗannan ba halin waya ba ne.

Wasu ƙananan abubuwan kuma da za su iya ba ka tsoro nan gaba: bayanta na iya ɗan rawa in ka ƙure sifika, saboda iskar da ke cikin jikin wayar na taya sifikar aiki. Ɗigon kore da ke fitowa a hoto in ka fuskanci fitila da dare, haske ne ke komowa tsakanin gilasan kyamara. Kan cajar da ya fara sakwarkwacewa bayan watanni, sau tari ba ramin ne ya lalace ba, an ƙera ramin USB-C ya jure sakawa da cirewa har sau 10,000. Zaren aljihu ne ya taru ya dunƙule a ƙasansa. Kashe wayar ka sa tsinken katako ka zaƙulo shi a hankali, ban da allura. Ka kuma kula da ƙananan ramukan da ke gefe da sama, na makirufo ne, wasu na zura musu ƙarfen cire layi bisa kuskure.

In za ka mayar, tun yau ka ɗauki hoton kusurwar da wata wayar, da rular a kai, yadda kwanan wata zai nuna tun farko haka take. Kwashe hotunanka da lambobinka, ka fita daga asusunka na Google ko na Apple, ka goge komai, ka haɗa da kwali da rasit da duk abin da ya zo a ciki. In sun ba ka wata, a buɗe ta a gabanka, ka bi gefenta da farce zagaye ɗaya, ka duba lambar shaidar wayar, wato IMEI, da ke fitowa in ka danna *#06# ta yi daidai da ta jikin kwalin. Ita ma sabuwar in ka girgiza ta za ka ji ƙas-ƙas ɗin nan, sai ka buɗe kyamara tun kana wurin ka ji ta yi shiru kafin ka sa ta a aljihu. Allah ya sa a dace.