Satifiket ɗin netwok: wanne mai farawa zai fara biya wa kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Sharar Mansur a Makka, ina aiki a shagon kayan masarufi. A nan na yi sakandare, Larabcina ya fi Turancina ƙarfi. Na tara riyal 3,000 ina so in shiga harkar shabaka, wato netwok na haɗa kwamfutoci, amma ko kan kebul ban taɓa haɗawa ba. Wani ya ce in yi A+, wani Network+, wani ya ce in faɗa CCNA kai tsaye. Wanne zan biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka mayar da kuɗin nan aljihu tukuna, wata guda kawai nake roƙo. Kamfanin Cisco yana da makaranta a intanet, Networking Academy, wadda darussanta na farko kyauta ne, kuma a nan za ka sauke manhajar Packet Tracer ba tare da ko halala ba. A cikinta za ka jawo kwamfuta biyu da suwic ɗaya (akwatin da ke haɗa kwamfutoci) a kan allo, ka haɗa su da kebul, ka ba kowacce adireshi, ka aika ping, wato saƙon gwaji daga ɗaya zuwa ɗayar. Karon farko ba zai tafi ba. Za ka yi rabin awa kana zare ido kafin ka gano lamba ɗaya ce ka rubuta ba daidai ba. In ka ji daɗin wannan neman, sana'ar taka ce. In kuwa ranka ya ɓaci ka rufe kwamfutar, ka tsira da riyal ɗinka.

Gwaji na biyu lissafi ne. A ba ka rukunin adireshi 192.168.1.0/26 a ce kwamfuta nawa zai ɗauka. Adireshi 64 ne, a cire na farko da na ƙarshe, saura 62. Yau wannan zai yi maka kama da tsafi, amma nan ne gizo ke saƙa: raba adireshi gida-gida shi ke kayar da masu farawa, kuma babu jarrabawar netwok da za ta ɗaga maka ƙafa a kansa.

Yanzu ga kasuwar. Dala tana riyal 3.75, saboda haka lissafin ba wuya, sai dai ka tuna da harajin kashi 15 da ake iya ɗorawa.

CCNA ta Cisco, mai lamba 200-301, dala 300 ce, wato riyal 1,125. Awa biyu ake yi, ba a neman wata takarda kafin a zauna, kuma shekara uku take aiki kafin a sabunta. Ita ce sunan da za ka fi cin karo da shi a tallan aikin netwok a Jidda da Riyad. Amma babu ta da Larabci, tambayoyinta dogaye ne, kuma in ka amsa ka wuce ba a komawa baya. Wanda Turancinsa ke tangal-tangal zai ƙone lokacinsa wajen karatun tambaya kawai.

Shi ya sa a halinka na fi karkata ga ƙanwarta, CCST Networking, wadda Cisco ya fito da ita a 2023 don irinka. Dala 125 ce, kusan riyal 470, minti 50, kuma akwai ta da Larabci. Ba zan yaudare ka ba, ita kaɗai ba ta cika buɗe ƙofar aiki ba. Amfaninta ka ɗanɗana ɗakin jarrabawa da kuɗi kaɗan, ka kuma aza harsashin da CCNA za ta hau. Ka yi karatun da kalmomin Turanci ko da za ka zauna da Larabci, domin rauta, na'urar da ke haɗa netwok da netwok, ba ta jin Larabci, ba ta jin Hausa.

Network+ ta CompTIA jarrabawa ce mai kyau, ba ta jingina da kayan kamfani ɗaya ba: tambaya har 90 cikin minti 90, ana cinye ta da maki 720 cikin 900. Sai dai kuɗinta ya haura dala 350, ya fi na CCNA, alhali ba ta sa ka buga umarni a kan na'ura kamar yadda CCNA ke yi. A+ kuwa jarrabawa biyu ce, kuɗi biyu, kuma gyaran kwamfuta da taimakon masu amfani da ita ta fi koyarwa. Da riyal 3,000 ba zan bi ta nan ba. CCST yanzu, CCNA bayan wata shida ko takwas, ragowar ka ajiye ko da za a maimaita, don faɗuwa a zaman farko ba abin kunya ba ne.

Abu ɗaya kuma da masu tallan kwas ba sa faɗa: satifiket ba ya canza sana'ar da ke rubuce a igamarka, wato katin zamanka a Saudiyya. Tun 2021 aka wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata biyar ko fiye a ayyukan sadarwa da fasahar kwamfuta su ware kashi 25 ga 'yan ƙasa. Ka bincika matsayin takardunka tun yanzu, kada ka gama wahala ka tarar da gaba a toshe.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Jidda. Wani a WhatsApp ya ce in biya riyal 400 ya turo wa ɗana ainihin tambayoyin CCNA da amsoshinsu. Ko kuwa in saya masa na'urorin gwaji?

Amsa: Hajiya, kada ki biya. Tambayoyin sata ne, kuma in Cisco ya gano yana soke sakamako, yana iya hana mutum sake zama. Ko ba a kama shi ba, ranar ganawar neman aiki za a miƙa masa kwamfuta a ce ya raba netwok ɗin ofis gida biyu da dabarar da ake kira VLAN, nan take ramin ƙarya zai nuna ƙurarre ne. Na'urori ma ba dole ba ne, Packet Tracer ta ishe shi CCNA, kuma akwai cikakkun darussa kyauta a YouTube. In hannunsa na ƙaiƙayi, tsohon suwic ɗaya daga kasuwar tsofaffin kaya ta Haraj, da kebul, da filayar matse kan kebul sun wadatar. Lokacin rajista a Pearson VUE, kamfanin da ke shirya zaman jarrabawar, kuma, ki tabbata sunan da ya rubuta ya yi daidai harafi da harafi da na fasfonsa, don kan Muhammad da Mohammed ana iya juyo da yaro daga bakin ƙofa.

Tambaya: Ina jin ana maganar jarrabawar kamfanin Huawei. Ta fi ta Cisco?

Amsa: HCIA-Datacom ke nan, dala 200. Ilimin kusan ɗaya ne, umarnin ne ya bambanta: inda Cisco ke cewa show, Huawei display yake cewa. In wurin da kake hari da kayan Huawei yake aiki, kamar 'yan kwangilar kamfanonin waya da dama, fara da ita. In ba ka san inda za ka faɗa ba, yi CCNA, koyon ɗayar daga baya aikin 'yan makonni ne.