Kan tambayarki game da surukarki da ɗanta na fari

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da kika tare ba ki taɓa jin Hajiya ta kira sunan maigidanki ba, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice, alhali ƙannensa tana hira da su har da dariya. Kina tsoron ko ƙinsa take yi, ƙin kuma ya shafe ki.

Ki kwantar da hankalinki. Mijinki ɗan fari ne, abin da kika gani kuwa alkunya ce. A al'adarmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma da an yaye shi kaka ce ke ɗauke shi. Sai ki ji tana cewa "yaron nan" ko "wannan", ko da ya yi furfura. Fulani sun fi mu tsanantawa, a wurinsu kunya, wadda suke kira semteende, ginshiƙi ce a cikin pulaaku, wato tarbiyya da ɗabi'un da suke ganin su ne cikar Bafulatani. Amma ki lura ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ki ga wa zai kwana bai runtsa ba.

Haka mace ba ta kama sunan miji, sai Malam, ko Alhaji, ko Maigida. In aka sa wa jariri sunan kakansa, uwar ba ta iya faɗa, shi ya sa gidajenmu suka cika da Abba da Baba da Ummi. Wasu sunayen ma suna da laƙabin da ake fakewa da shi: Musa ya zama Kallamu, Yusufu ya zama Maitama. Ba mu kaɗai ba ne. Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu suna da hlonipha, inda matar aure ke guje wa sunan surukinta har da kalmomin da suka yi kama da shi, sai ta nemo wasu ta maye gurbinsu.

Akwai kuma gudun da tsoro ke kawowa. Da dare tsofaffi ba sa cewa maciji, sai igiyar ƙasa. Aljanu kuwa mutanen ɓoye ne.

To, ƙiyayya fa? Ita ba ta ɓuya, don Bahaushe ya tanadar mata baki. Mataki na farko tsaki ne da harara. Daga nan sai "ba na shiri da shi", sai "ba ma shan inuwa ɗaya". In abu ya yi tsami a ce "ba sa ga maciji", wato ko ɗaya ya hango maciji zai sari ɗan'uwansa ba zai buɗe baki ya gargaɗe shi ba. Duk maganganun nan babu wadda ke tayar mini da tsigar jiki kamar wannan. In an rabu ke nan har abada, an yi hannun riga, ko a ce haihata-haihata. Ƙyama kuma daban take da tsana: ana ƙyamar ƙazanta da mugun hali, a tofar da yawu a ce "tir" ko "Allah wadai". Kin zauna a Legas, kin ga yadda Ibo ke kewaya kai da hannu ya ƙyasta yatsu ya ce "tufiakwa", Bayarabe ya ce "Olorun maje". Mu a nan "Allah ya kiyaye" ko "a'uzubillahi" muke cewa.

Ki duba yadda addini ya yi wa wannan ɓangaren iyaka. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah ya hana a ce wa iyaye ko da "uffin", ƙaramar kalmar ƙosawa ta Larabawa, wadda tsakinmu ya fi kusa da ita. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba, kuma mafi alherinsu wanda ya fara sallama. Wannan ita ce gaba, kuma yana ba ni takaici yadda muke riƙe ta shekara da shekaru a kan gado ko maganar biki. Mai gaba ba ya amsa sallama, ba ya cin abincinka, ba ya zuwa sunanka. Hajiya kuwa tana amsa gaisuwar ɗanta, tana sa masa albarka, kuma kin ce da kanki kullum ta dama fura sai ta aiko masa.

Don haka kada ki je ki tambaye ta, za ki sa ta jin nauyi a banza. A gabanta kada ki kama sunansa, kada ki zauna kusa da shi a tabarma ɗaya, ki durƙusa ki gaishe ta safe da yamma. In Allah ya ba ki naki na farin, ba na ce lallai ki yi yadda muka yi ba. Ni dai ina ganin yaro na bukatar jin daɗin bakin uwarsa, sai ki sa masa laƙabi mai daɗi ki riƙa kiransa da shi. Ki gaishe mini da Hajiyar da kyau, ki ce ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.

Gwaggonki