Hoton waya mai kwanan wata ya isa hujja a kotu?

Tambaya: Barista, direba ya ɗauko min tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, ya makara kwana biyu, kwando 60 suka ruɓe. Na ɗauki hoto, wayata ta nuna rana da lokaci. Yanzu wai lafiya lau ya sauke. Ai da hoton nan na gama da shi ko?

Amsa: Alhaji Allah ya mayar da alheri. Amma gaskiya ban ce ka gama da shi ba, don kwanan watan da ka dogara da shi ba shi da ƙarfin da kake zato.

Eh, waya tana ajiye bayanai a cikin hoto, wanda ake kira EXIF, wato rana, lokaci, irin wayar, wani sa'in har wurin da aka ɗauka in GPS a kunne yake. Matsalar ita ce daga agogon wayar take kwafo lokacin, kuma agogon nan kai kanka za ka iya juya shi baya cikin minti ɗaya, ga manhajoji kyauta da ke sauya bayanan, to duk lauyan da ya san aikinsa nan zai fara kama ka. In kuma ta WhatsApp yaronka ya turo maka hoton a matsayin hoto, galibi bayanan sun goge, ranar da ya shigo wayarka kawai za ka gani. Sikirinshot ma haka.

Sannan ko an yarda da ranar, hoton ya nuna ruɓaɓɓen tumatir ne kawai. Bai nuna daga motar wa aka sauke shi ba, bai nuna laifin waye ba. Lambar motar ta fito a hoton? Ka duba.

Kotu na iya karɓa, ban ce ba za ta karɓa ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da dama, sai dai a cika sharuɗɗansa, har da takardar shaida kan na'urar, kuma Kotun Ƙoli ta tsaya a kan haka a shari'ar Kubor da Dickson. Wannan aikin lauyanka ne. Karɓa daban, nauyin da alƙali zai ba shi daban.

Don haka kar ka sayar da wayar, kar ka taɓa hoton. Ka haɗa takardar lodi, kiran da kuka yi da saƙonninku, da 'yan dakon da suka sauke kayan.

Shi ma direban da ke cika baki, sai ya faɗi inda ya yi kwana biyun nan. Ni dai da za ka ji tawa, ku fara zama gaban shugabannin kasuwa da na ƙungiyar direbobi, in ya ƙi sai ofishin sulhu na gwamnatin jihar Legas, kyauta ake sulhu a can. In duk ya faskara akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a Legas a 2018, amma kafin ka je, kawo min wayar in ga asalin hoton.